Ɗana, Kafin Ka Buɗe Wani Asusun

Ɗana, mahaifiyarka ta faɗa mini abin da ya same ka. Shafin da ka yi shekaru kana rainonsa ya ɓace daga Google, ko sunansa aka rubuta ba ya fitowa, ga kuma saƙon imel cewa an rufe maka asusun AdSense da 'yan dalolin da suka taru a ciki. Allah Ya mayar maka da mafi alheri. Ba zan raina abin ba, don na san daga nan kake sayen data, daga nan kake tallafa wa karatun ƙannenka. Sai dai ta ƙara da cewa ta ji kana ciniki a waya da wani mai sayar da asusu, kuma ka nemi ƙanwarka ta ba ka katinta na ɗan ƙasa. Abin da ya hana ni yin shiru ke nan. Ka ɗan dakata, ka sha ruwa, mu bi abin daki-daki.

Masifa biyu ce ta faɗo maka a lokaci ɗaya, kuma kowacce da alƙalinta. Masu kula da sakamakon bincike daban, masu kula da talla daban, ko da yake duk a inuwar kamfani ɗaya suke. Ana iya rufe wa mutum AdSense alhali shafinsa na nan daram a bincike, ana kuma iya cire shafi daga bincike tallarsa na ci gaba da fitowa ga tsirarun da suka san hanya. Idan suka zo tare, galibi tushensu ɗaya ne, amma koken da za ka kai wa wannan ba shi za ka kai wa wancan ba.

Mu fara da binciken, don ya fi saurin gyaruwa. Ka buɗe Google ka rubuta site: sannan ka liƙa adireshin shafinka a jikinsa, babu tazara. Idan shafuka suka jero, to ba a kore ka ba, baya aka tura ka, can inda ba mai leƙawa. Idan kuwa ka ga wayam, sai ka shiga Search Console. Kyauta ne, kuma ta nan ne Google ke yi wa mai shafi magana kai tsaye. A gefen hagu akwai wurin da aka rubuta Manual actions. Idan wani ma'aikacinsu ne ya duba shafinka da idonsa ya yanke maka hukunci, a nan za ka ga laifin a rubuce, har da bayanin ko ya shafi shafin duka ko wani ɓangare. A ƙarƙashinsa akwai na matsalolin tsaro.

Kafin ka ɗora wa kowa laifi, ka leƙa cikin gida. A WordPress, a saitin karatu, akwai wani ɗan mitsitsin akwati da ke roƙon injinan bincike su ƙyale shafin. Masu gina shafi kan sa masa alama yayin da suke aiki, don kada a ga gini bai ƙare ba, sai su manta su cire. Na ga mai shafin da ya yi ta tsine wa Google, yana cewa maƙiya ne suka kai ƙararsa, ashe yaron da ya sabunta masa shafi ne ya bar wannan alamar. Da aka cire ta, komai ya dawo a hankali. Wani lokacin kuma kutse ne. Kayan ƙawata shafi na kuɗi da kuke saukewa kyauta daga zaurukan Telegram, da yawansu an dasa musu ƙofar ɓarayi. Ta nan ake shigowa a cusa maka dubban shafuka na caca da na magungunan bogi, kai ba ka sani ba, sai ranar da ka ga rubutun Japananci jere a ƙarƙashin adireshinka. Maganin wannan a share, a sake kalmomin sirri duka, a sa kayan asali, sannan a nemi su sake dubawa.

Idan kuma babu hukuncin ma'aikaci, babu kutse, maziyarta ne kawai suka zube, to ma'aunin na'ura ne ya sauya ya auna ka ƙasa. Wannan ba shi da takardar ɗaukaka ƙara. Gyara ake yi, a jira, wani lokaci watanni.

To, a ce hukuncin ma'aikaci ne ka tarar. Kada gabanka ya faɗi, manya sun riga ka shan wannan. A watan Fabrairun 2006 Google ya cire shafin BMW na Jamus ɗungurungum daga bincike, saboda an shirya wasu shafuka cike da maimaita kalmomi don na'urar Google ta karanta, mutum kuwa da ya shigo sai a karkatar da shi wani wuri. BMW ya cire su, cikin 'yan kwanaki aka mayar da shi. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta tona yadda kantin JC Penney na Amurka ke zuwa na ɗaya a kusan duk abin da aka nema, daga riguna har zannuwan gado, saboda dubban mahaɗai (links) masu kai mutum shafinsa da aka saya a shafukan da ba su da alaƙa da shi. Kantin ya ce bai san an yi ba, ya sallami kamfanin da ke yi masa aikin, duk da haka sai da ya yi kusan kwana 90 a baya. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne na Janairun 2012, lokacin da aka kama tallar Chrome, manhajar Google ɗin kansa, ta karya dokar sayen mahaɗi, har kamfanin ya hukunta shafin nasa na kwana 60. Duk waɗannan sun dawo, kuma hanyar da suka bi ɗaya ce: sun cire abin da ya jawo hukuncin, suka nuna sun cire.

Kai me za ka cire? Ka fi ni sani, amma bari in taya ka tunawa, don na daɗe ina karanta shafukan samarinmu. Labari ya fito a BBC Hausa ko Aminiya da safe, kafin azahar ya bayyana a shafi ashirin, waƙafi bai canza ba, sai kanun da aka ƙara wa gishiri. Waƙar mawaƙi ta fito yau, gobe tana shafinku ana saukewa kyauta, shi da ya biya kuɗin situdiyo bai ga ko sisi ba. Littafin marubuciya da ta yi wata da watanni tana rubutawa, an kwafe shi babi-babi. Mai haƙƙin mallaka na iya kai ƙara a ƙarƙashin wata dokar Amurka ta 1998 a cire shafin daga bincike, kuma idan ƙararrakin suka yi yawa shafin gaba ɗaya yakan yi ƙasa. Ga kuma sabon yayi, a sa ƙirƙirarriyar basira ta zubo maƙala ɗari a dare ɗaya, ba wanda ya karanta ko ɗaya kafin a wallafa. A watan Maris na 2024 Google ya fito da doka takanas a kan tara rubutu barkatai don neman matsayi a bincike, ko mutum ne ya rubuta ko na'ura, kuma shafuka masu yawa sun ɓace a wannan watan. Ka zauna ka bi rubuce-rubucenka ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba naka ba, ka sauke. Wanda naka ne amma holoƙo ne, ka cika shi ko ka haɗa shi da ɗan'uwansa. Idan ka taɓa biyan wani ya watsa maka mahaɗai a shafukan banza, ka nemi a cire, waɗanda suka ƙi ciruwa kuma akwai hanyar da aka buɗe tun 2012 ta gaya wa Google cewa ka barranta da su. Zai yi maka ciwo ka ga shafi mai maƙala dubu ya koma ɗari biyu. Ka daure, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sai ka gama wannan kafin ka danna neman sake dubawa. Mutum ne zai karanta takardar, kuma ya karanta dubban irinta, ya san ƙaryar da kowa ke yi. Ka faɗi laifin da sunansa, ka faɗi abin da ka yi a kai, ka kawo shaida, misali jerin shafukan da ka goge. Kada ka sa labarin marayun da kake ciyarwa, kada ka yi barazanar kotu. Amsa kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kuma aika wata takardar kafin a amsa ta farko ba ya ƙara sauri.

Yanzu ga mai wuyar, wato tallar. A nan ina so ka ajiye Google gefe ka tuna da mai biyan kuɗin. Dalar da ke shiga asusunka wani ɗan kasuwa ne ya zuba ta, wataƙila mai sayar da takalma a Legas, wataƙila wata makaranta mai neman ɗalibai, bisa sharaɗin cewa mutum na gaske zai ga tallarsa, in ta burge shi ya danna. Google dillali ne kawai a tsakani, yana cire la'adarsa ya miƙa wa mai shafi kusan kashi 68 cikin ɗari. Duk dannawar da aka yi, akwai aljihun da ya ragu.

Ban ce ka yi ba. Amma na sha zama kusa da majalisar samari bayan sallar isha'i, na ga yadda ake yi. Ɗaya zai ce, “Don Allah kowa ya shiga shafina, ku ɗan taɓa tallar nan ta sama, kada ku yi saurin fita.” Sai ka ga fuskoki shida sun haskaka da hasken waya, kowa na dangwala yatsa a tallar inshorar mota, alhali ko keke babu mai shi a cikinsu. Ana yi ana dariya, ana ganin zumunci ne. Akwai zaurukan WhatsApp da aka buɗe musamman don wannan, danna mini in danna maka. Sama da su akwai masu abin da kuke kira lodin, waɗanda ke sayen maziyartan bogi, ko su ɓoye inda suke don a ɗauka daga Amurka ko Ingila suke shigowa, tunda tallar can ta fi tsada. Har darasi ake sayarwa a kai, da hotunan daloli don jan hankali.

A kasuwar shanu akwai mutumin da ke tsayawa gefe yana taya sa da tsada, ba don zai saya ba, sai don mai saye na gaske ya ruɗu ya biya fiye da ƙima. Ɗan kore ke nan. Malamai na kiran aikinsa najashu, kuma hanin da aka yi a kansa yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ake karantawa a zaurukanmu. Ni a ganina yatsan da ya danna talla ba da niyyar komai ba sai don kuɗi su faɗa asusun aboki, aikin ɗan kore yake yi. Bambancin kawai shi ne wanda aka cuta ba ya tsaye a gabanka balle ka ga fuskarsa ka ji kunya. Ka kai wa malamin unguwarku maganar yadda take, ba tare da ado ba, ka ji abin da zai ce. Idan akwai irin wannan kuɗin cikin abin da aka riƙe maka, to dokar Google ita ce a mayar wa masu talla, kuma ni ba zan taya ka kukan wannan kason ba.

Kada ka ɗauka ina wanke Google ne. Shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, kuma idan ya rufe asusu saboda dannawar bogi ba ya faɗin takamaiman abin da ya gani, wai don kada maguɗanta su gane yadda ake kama su. Hujjar tana da ma'ana, amma mai gaskiya ma da ita ake yi masa shiru. Akwai wanda abokin gaba ne ya zauna ya yi ta danna masa talla don a rufe shi. Akwai wanda ƙaninsa ne ya ɗauki waya yana wasa. A 2014 wasu masu shafuka a Amurka sun kai kamfanin kotu a Kalifoniya kan kuɗaɗen da ya riƙe bayan rufe asusunsu, kuma a 2018 ya yarda ya biya dala miliyan 11 a yi sulhu. Mu a nan ba mu da wannan gatan. Ga kuma abin da ya fi ci mini rai: shekara da shekaru jerin harsunan da AdSense ke karɓa yana ɗauke da Larabci da Faransanci da Urdu da harsunan Indiya da dama, Hausa mai miliyoyin masu magana ba ta ciki. Wannan ne ya sa samarinmu ke cika sabon shafi da Turanci har a amince da shi, sannan su juya Hausa. Na fahimci abin da ya kai su, kuma ina ganin an tauye mu. Amma wanda ya shiga ta wannan hanyar ya san cewa duk ranar da aka waiwayo shi ba shi da ta cewa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ka karanta saƙon da suka aiko maka da kyau, don hukuncin hawa-hawa ne. Wani lokaci shafi ɗaya tak aka cire wa talla, wani lokaci an rage yawan tallar ne na ɗan lokaci ana bincike, wani lokaci dakatarwa ce mai wa'adi. Waɗannan duk ana ganinsu a sashen dokoki na cikin asusun, a gyara, a nemi dubawa. Rufewa gaba ɗaya ita ce babba, kuma tana da fom na ɗaukaka ƙara. Kada ka cika shi a daren da abin ya faru, zuciya na tafasa. Za su tambaye ka ta ina mutane ke zuwa shafinka, ko ka taɓa biyan wani ya kawo maka maziyarta, da abin da za ka canza. Ka buɗe alƙalumanka ka nemo ranar da abu ya yi tsalle: shafin da ya saba samun mutum ɗari biyar daga Kano da Kaduna da Maraɗi, rana ɗaya ya samu dubu goma daga ƙasar da ba a jin Hausa, kowa ya yi daƙiƙa biyu ya fita. Ka nuna musu wannan da kwanan wata. Idan kai ka sayo su, ka ce ka sayo, ka faɗi daga inda, ka ce ka daina. Ba na yi maka alkawarin za su buɗe, da yawa ba a buɗe musu. Amma ƙaryar da za ka shirya, su suna riƙe da alƙaluman da za su ƙaryata ta.

Duk wanda ya ce maka yana da ɗan'uwa a cikin Google, ka turo dubu hamsin a buɗe, ɗan damfara ne. Ɗaukaka ƙara ba a biyan ko kwabo.

Mu dawo kan katin ƙanwarka. Dokar AdSense ita ce mutum ɗaya asusu ɗaya, kuma wanda aka rufe saboda dannawar bogi ba a yarda ya sake buɗe wani ba. Suna kuma rufe duk asusun da suka ga yana da alaƙa da wanda aka rufe. Ka duba yawan zaren da zai haɗa ku: gida ɗaya, waya ɗaya, kwamfuta ɗaya, shafi ɗaya. Kuɗi na kai dala 10 za su aiko da lambar sirri a ambulan ta gidan waya don tabbatar da adireshi, ba kuma za a biya ba sai sun kai dala 100, a asusun banki mai sunan mai shi. Wato za ka yi watanni kana aiki, kuɗi su taru, ana gab da biya a gane, a rufe. A wannan karon sunanta ne ya ƙone. Yarinyar nan tana da hannu a girki, na ji tana cewa tana son buɗe tasha a YouTube, kuma kuɗin YouTube ta AdSense ake biyansu. Ka ga ke nan za ka rufe mata ƙofar da ba ta ma kai ga ƙwanƙwasawa ba, a kan laifin da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Asusun saye kuwa ya fi wannan muni. Sunan wani ne a kai, shaidar wani ce, kuma mai sayarwa yakan riƙe hanyar dawo da kalmar sirri. Ranar da kuɗi suka yi kauri zai karɓe abinsa, ba ka da inda za ka kai ƙara, tunda cinikin kansa haramtacce ne a dokarsu. Haka nan sauya adireshin shafi ka kwashe kayan nan dai ka zuba a sabo, sau da yawa hukuncin kan bi ka can.

A ce an ƙi buɗewa. Akwai wasu kamfanonin talla da ke karɓar kowa ba tambaya, amma ka buɗe shafin a wayarka ka ga abin da suke nunawa kafin ka saki jiki. Da yawansu tallar caca ce da hotunan tsiraici, da shafukan da ke buɗe kansu suna cinye wa mutum data. Mai karatunka ya zo neman labarin gari ko fassarar hadisi, yana zaune kusa da 'ya'yansa, ka ga bai kamata ya ci karo da wannan a gidanka ba. Ba zai yi maka magana ba, zai daina zuwa ne kawai.

Abin da na fi so ka gwada shi ne tallar kai tsaye. Masu karanta ka Hausawa ne, kuma masu son su ji su suna nan kusa da kai: mai shadda da atamfa a Kantin Kwari, mai waya a Farm Centre, makarantar kwamfuta, mai turaren wuta, kamfanin da ke kai mutane Umara. Ka je da ƙafarka, ka nuna masa yawan masu shigowa na gaskiya da garuruwan da suke, ku yi ciniki na wata guda, a naira. Da farko kuɗin ba za su kai na da ba, kuma akwai wanda zai ce sai ya ga amfani zai biya. Amma ka san shi ya san ka, idan an samu saɓani akwai wanda zai shiga tsakani. Sannan ka buɗe tashar WhatsApp ko Telegram ka riƙa tara masu karatunka a can, ka sa shafin a Bing ma, don fiye da tara cikin goma na masu bincike a ƙasar nan ta Google suke bi, kuma ka ga abin da dogaro da hanya ɗaya ya jawo. Rubutun kuma ya zama wanda ba a samu a wani wuri: farashin hatsi a Dawanau wannan makon, hira da maƙerin unguwarku, yadda ake cika fom ɗin JAMB ba tare da an cuci yaro ba. Irin wannan ko na'ura ba ta kawo mutum ba, wani zai tura wa wani.

Ranar Asabar bayan la'asar ina gida. Ka zo da kwamfutarka, ka tabbata kana tuna kalmar sirrin Search Console, ka kuma zo da saƙon da suka aiko maka yadda yake, kada ka goge komai. Fom ɗin ɗaukaka ƙarar ka bar shi tukuna, sai mun duba alƙaluman watanni ukun da suka wuce tare.